Yadda Ake Sayen Gida a Unguwannin Tsakiyar Kano Ba Tare da An Sayi Rigima Ba

Gida a Fagge, ko Gwammaja, ko Gyaɗi-Gyaɗi, ko Hausawa da kewayen titin gidan Zoo, kullum a bakin masu nema yake. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa yana son inda zai fito bayan sallar asuba ya isa shago kafin hanya ta cushe. Ma'aikacin asibitin Malam Aminu Kano yana son inda ko da tsakar dare aka kira shi zai isa cikin minti goma. Ga adaidaita sahu a bakin layi, ga makarantar boko da ta Islamiyya, ga mai shayi da mai kemis ba sa tashi sai dare ya raba. Wannan kusanci shi ke sa tsohon gida mai ɗaki huɗu a irin waɗannan unguwanni ya fi sabon gini a bayan gari tsada.

To amma gidan cikin gari tsohon hannu ne. Ya bi ta hannun mutane da yawa, an gada, an raba, an jinginar, an yanki soro an yi shago. Don haka abin da mai saye zai fi ba wa ƙarfi shi ne takarda da masu haƙƙi, sannan wurin, sannan ginin. Bango idan ya tsage magini zai gyara. Gidan da aka sayar maka alhali akwai magajin da bai yarda ba, shekaru za ka yi kana zaryar kotu.

Fara da lissafin aljihu

Kuɗin gida daban, kuɗin kammala saye daban. Akwai la'adar dillali, wadda a al'adar Kano ta fi yawa a kan kashi 5 cikin 100, kuma sau da yawa ana karɓa daga mai saye da mai sayarwa kowa nasa. Idan gidan na naira miliyan 40 ne alal misali, la'adarka kaɗai miliyan 2 ce. Akwai kuɗin lauya, da na safiyo, da na binciken takarda a ma'aikatar ƙasa, da kuɗin hatimin gwamnati da rajista da neman amincewar gwamna, ga kuma gyaran da ba a rasawa a tsohon gida. Shawararmu ita ce ka ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na abin da ke hannunka don waɗannan, ka nemi gida da ragowar. Mutane da yawa sukan zuba duk abin da suka tara a kuɗin gida, sai canjin suna ya gagara, takarda ta zauna shekara goma da sunan mai gidan farko. Idan ya rasu a tsakani, sai ka koma kana lallashin 'ya'yansa su sa maka hannu.

Wanda zai haɗa da bashi ya sani cewa banki ba ya kallon gidan da ba shi da takardar gwamnati. Ma'aikacin da ake cire masa kashi 2.5 cikin 100 na albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa yana iya neman rance ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, a kan ruwa kashi 6 cikin 100, biya har zuwa shekara 30. Wanda ke ƙyamar ruwa sai ya tuntuɓi bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da TAJ, ya ji tsarinsu na murabaha (banki ya saya ya sayar maka da riba) ko ijara (tsarin haya). Ko wanne ka zaɓa, ka fara maganar tun kafin ka ga gida, domin gidan cikin gari ba ya jiran takardun banki.

Zaɓen layi, ba unguwa kawai ba

A unguwa ɗaya za ka sami layin da ruwa ke kwana a cikinsa da layin da ko an yi ruwan awa uku ƙasa ta tsotse. Saboda haka kada ka ce kawai "ina son Fagge." Ka je layin da ƙafarka, kuma ba sau ɗaya ba. Ka je da safe wajen ƙarfe bakwai da rabi ka ga yadda fita take lokacin kai yara makaranta. Ka je bayan isha'i ka ji irin hayaniyar da ke wurin, ka ga su wa ke zama a bakin layi. Ka je ranar Juma'a idan akwai masallacin Juma'a kusa, ka ga ko ana rufe hanya. Idan da wurin biki, ko gidan kallon ƙwallo, ko injin niƙa, ko mai walda a jikin katanga, ka tsaya ka saurara da kunnenka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, unguwa mai rai ba ta rasa ƙara, amma akwai ƙarar da iyali za su saba da ita, akwai wadda za ta hana tsoho da jariri barci.

Ziyarar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ta damina, musamman watan Agusta, awa ɗaya bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi. Idan cinikin ya faɗo da rani, unguwar da kanta za ta ba ka labari. Dubi ƙofofin maƙwabta: idan ka ga kowa ya ɗaga dokin ƙofarsa da bulo ɗaya ko biyu, har sai an ɗaga ƙafa a shiga, to ruwa na shiga gidaje a layin. Dubi gindin katangu ko akwai zanen laka a tsayi ɗaya, iya gwiwa ko iya ƙwauri. Dubi lambatu, ina ya nufa, a buɗe yake ko shara ta toshe shi. Sannan ka tambayi dattawan layin abin da ke wurin kafin a yi gini. Kano gari ne mai kududdufai, kuma da yawa an cike su da shara da ɓaraguzai an yi gini a kai. Gidan da ke kan cikon kududdufi yakan zauna a hankali, bango ya tsage, danshi ya ƙi barin ɗaki. Haka gidajen da ke kwari kusa da rafin Jakara da manyan magudanan da ke zuba cikinta, sai an duba su da idon basira.

Faɗin lungu ma abin aunawa ne. Mota za ta shiga har ƙofar gida? Idan biyu suka haɗu, ɗaya za ta iya kaucewa? Ka tuna da motar yashi ranar da za ka yi gyara, da motar kwasar masai, da ranar da za a fita da mara lafiya cikin dare.

Ruwa da wuta kuwa maƙwabta za ka tambaya, kada ka tsaya a bakin dillali. Yaushe rabon da famfo ya kawo? Nawa 'yan ga-ruwa ke sayar da jarka a layin? Masu rijiyar burtsatse, tana ƙafewa a watan Afrilu da Mayu? Taransifomar layin sau nawa take lalacewa, kuma karo-karo ake yi a gyara? A wane rukuni kamfanin wuta na KEDCO ya sa layin? Rukunin A shi ne wanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, kuma kuɗinsa ya fi na sauran nesa ba kusa ba tun ƙarin da aka yi a watan Afrilun 2024.

Dillali

Ba a cika samun gida a cikin gari ba tare da dillali ba, kuma nagari a cikinsu yana da rana. Ka nemi wanda ke da mazauni sananne, wanda mai unguwa ya san shi. Tun ranar farko ku yanke la'ada, nawa ce, wa zai biya, kuma sai an gama ciniki an sa hannu. Matsalar da aka fi samu ita ce jerin 'yan kayi-na-yi: wanda ya kawo ka ya ji ne daga wani, shi ma daga wani, kowa ya ɗora nasa a kan farashi. Maganinta ɗaya ne, ka ce sai ka zauna da mai gidan ido da ido kafin ka yi tayi. Idan aka fara cewa mai gida ya yi tafiya, ko ba ya son a san yana sayarwa, ko akwai wani Alhaji da zai biya gobe da safe, ka ja da baya. Gaggawa ita ce babban makamin mai sayar da abin da ba nasa ba.

Takarda: nan ne aikin yake

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama ne, wanda a gidan zama yawanci shekara 99 ake rubutawa. A cikin birni gwamna ne kaɗai ke ba da wannan haƙƙi, ƙaramar hukuma ikonta a ƙasar karkara yake. Sashe na 22 na dokar ya ce ba a sayarwa ko jinginar da irin wannan haƙƙi sai da amincewar gwamna. Daga nan za ka gane nauyin kowace takarda da za a miƙo maka.

Gidajen tsakiyar Kano kusan iri uku ne ta wannan fuska. Na farko gidan awon gwamnati mai takardar shaidar mallaka, wadda kowa ke kira C of O. Na biyu gidan awon igiya, inda mai gona ya yanka filaye ya sayar, takardarsa ita ce ta ciniki mai sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa ko dagaci. Na uku tsohon gidan gado na cikin badala da tsofaffin unguwanni, wanda wani lokaci ba shi da takarda ko ɗaya sai shaidar unguwa cewa gidan su wane ne tun kaka da kakanni. Dokar 1978 ba ta ƙwace irin wannan gida ba, ta ɗauki wanda ke da gini a birni kafin zuwanta a matsayin mai haƙƙi. Ana iya sayen kowanne daga cikin ukun, sai dai binciken kowanne daban ne, farashinsu ma bai kamata ya zo ɗaya ba.

Idan mai C of O ne, ka karɓi kwafi ka ba lauyanka, ba lauyan mai sayarwa ba, ya shigar da buƙatar bincike a ma'aikatar ƙasa da KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye na jihar Kano. Abin da ake so a gani a fayil:

sunan da ke fayil ya dace da na mai sayarwa, ko akwai jerin takardun miƙa mallaka masu rajista daga mai sunan har zuwa kansa;

lambar fili da girmansa da taswirarsa sun dace da gidan da aka nuna maka;

babu jinginar banki a kai, babu takardar gargaɗi da wani ya shigar, babu umarnin kotu;

ba a soke takardar ba, kuma an sabunta ta idan tana cikin waɗanda gwamnati ta ce a sabunta;

nawa ne bashin harajin ƙasa na shekara-shekara da ya taru;

an ba da filin don zama ne ko don kasuwanci.

Ranar da za ku zauna, ka ce a fito da takardar ta asali ka riƙe ta a hannunka. Idan aka ce ta ɓata, ko tana wurin wani ɗan'uwa, ka ɗauka tana banki ko wurin wanda ke bin mai gidan bashi har sai an tabbatar maka da akasin haka. Wanda takardarsa ta ɓata da gaske yana da rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu, kuma ya nemi kwafi mai hatimi daga ma'aikata.

Sannan ka ɗauko safiyo ya auna gidan ya ɗora a kan taswira. Fili mai ƙafa 50 da 100 yana kusan murabba'in mita 465, mai 50 da 50 kuma kusan 232. A cikin gari da wuya ka sami awon ya cika cif, amma abin da ake tsoro shi ne gidan ya ci hanya, ko ya hau magudanar ruwa, ko shagon da aka fitar a gaba yana kan filin titi. Ka bincika a hukumar tsara birane ta KNUPDA ko ginin na da izini, musamman idan bene ne, da kuma ko akwai shirin faɗaɗa titin. Jan fenti a jikin katangar gidan ko ta maƙwabta ba ado ba ne, ka tambayi wanda ya shafa shi da dalili. Ka nisanci duk ginin da ke jikin badala, ko filin makaranta, ko maƙabarta, ko filin idi, ko da an nuna maka takarda mai hatimi. Rushe-rushen da aka yi a Kano a 2023 sun shafi gine-ginen da masu su ke riƙe da takardu. Haka ƙarƙashin babbar wayar wuta: layin 11kV da 33kV ana barin mita 5.5 kowane gefe, manyan layuka kuma fiye da haka sosai.

Idan awon igiya ne ko tsohon gida mara takardar gwamnati, zuwa da kai ya fi aike. Ka je wurin mai unguwa da kanka, ba tare da dillali ba. Ka gaishe shi, ka ce, "Ranka ya daɗe, gidan wane ne aka yi mini tallarsa, na zo in ji ko akwai magana a kansa." Ka yi wa limamin layin da maƙwabtan dama da hagu da na baya irin wannan tambaya. Wa ya gina shi? A wurin wa ya sayi filin? An taɓa kai ƙara a kansa? Katangar nan ta wa ce? Ka nemi duk takardun cinikin baya, ɗaya bayan ɗaya, har zuwa mai gona idan zai yiwu. Ka sani kuma hatimin mai unguwa shaida ce mai amfani cewa an yi ciniki, amma ba ta zama takardar gwamnati ba. Lauya ya duba a ma'aikata ko wurin na cikin filin da gwamnati ta taɓa karɓa, domin idan haka ne neman C of O daga baya zai yi wuya.

Gidan gado

Mafi yawan gidajen da ke fitowa kasuwa a tsakiyar gari na gado ne, kuma nan ne aka fi ƙonewa. Babban ɗa ba shi da ikon sayar da gidan mahaifinsu shi kaɗai, ko da shi ke riƙe da takardu, ko da shi ya yi wa gidan rufi. Kowane magaji na da rabonsa a kowane taku na gidan har sai an raba.

Abu na farko, ka nemi takardar rabon gado ta kotun shari'ar Musulunci, wadda ta lissafa magada da rabon kowa, ta kuma nuna ko gidan ya faɗa rabon mutum ɗaya ne ko an yarda a sayar a raba kuɗi. Idan ba a je kotu ba, ka sa su je, ka jira. Na biyu, ka rubuta sunayen magada da kanka ta hanyar tambayar maƙwabta da dangi, ka gwada da abin da aka ba ka. Waɗanda aka fi mantawa su ne 'ya'ya mata da ke aure a wani gari, da matar da ke da tumunin takaba, da 'ya'yan matar da aka saka tun da daɗewa, da ɗan da ke Legas ko Saudiyya, da jikokin da mahaifinsu ya rasu bayan mai gidan amma kafin a raba, domin rabon ubansu ya zama nasu. Kowane baligi ya sa hannu ko ya dangwala da kansa. Mata a ji daga bakinsu, kada a wadatu da "mun gaya mata ta yarda." Wanda ba ya gari ya aiko da wakilci a rubuce, a kuma kira shi a waya gaban shaidu. Idan akwai marayu ƙanana, rabonsu ba ya sayuwa da yardar yayansu kawai, sai ta hannun waliyyinsu da izinin alƙali. Wannan ba don tsoron kotu kaɗai ba ne, cin dukiyar maraya ba abin da mutum zai so ya kwana a cikinsa ba ne.

Ka tambaya kuma ko mamacin ya bar bashi ko wasiyya, tunda su ake fara fitarwa kafin gado, da ko ya taɓa ba da wani sashe kyauta ko wakafi, kamar soron da ake karatun allo a ciki. Idan kuma rabon mutum ɗaya kake saye a gidan da ba a raba ba, akwai haƙƙin shuf'a: sauran abokan tarayya suna da ikon biyan ka abin da ka biya su karɓe. A mazhabar Malikiyya wanda ke gari ya sani ya yi shiru, haƙƙinsa na faɗuwa ne bayan kamar shekara. Gara a karɓi yafewarsu a rubuce tun a zaman ciniki.

Duba ginin

Ka zo da injiniya ko gogaggen magini wanda ba shi da alaƙa da mai gida, da rana tsaka, da tocila da tsani. Sabon fenti a tsohon gida dalili ne na ƙara dubawa. A ƙwanƙwasa filasta a ji ko tana amsa kamar ganga. Tsaga siririya kamar gashi ta filasta ce, ba komai. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ta bi bulo kamar matakala, har tsinken ashana ko kan makulli na shiga, alama ce tushe na motsi. Ƙofar da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta ita ma haka. Gindin bango mai kumbura yana zubar da farin gari kamar kanwa, danshi ne ke tasowa daga ƙasa, fenti ba ya maganinsa. Gidaje da yawa a tsofaffin unguwanni ginin ƙasa ne aka shafe da siminti, a ɗan sassaƙa a gani don ka san abin da kake saye.

A buɗe silin a leƙa. Katako ya ci gara? Kwano ya yi tsatsa, ana hango haske? Idan bene ne ko dakin, wato rufin kankare, a dubi ƙasansa ko rodi ya fito ya yi tsatsa yana ture siminti. Idan burinka ka ɗora bene, kada ka yarda da "an yi tushen bene" da baki, a haƙa gefe ɗaya a gani. A nemo inda masai da sokawe suke, a auna tsakaninsu da rijiya, na gidan da na maƙwabta. Mita 30 ake so, abin da ke da wuya a cikin gari, don haka idan sun matsu a kai ruwan gwaji kafin a sha. A bi kwatar gidan a ga inda take fita. Idan ta gidan maƙwabci take bi, ko indararonsa a tsakar gidanka yake zuba, a yi maganar yanzu a rubuta. Ka ɗaga kai kuma ka ga ko tagar benen wani na kallon tsakar gida, domin iyali ne za su zauna a takure.

Sai mita. Ka ɗauki lambarta ka je ofishin KEDCO a duba bashi. Haka na hukumar ruwa. Duk abin da aka samu a cire daga kuɗin gida.

Ciniki da biya

Ka yi tayi bayan ka gama bincike, kana riƙe da lissafin gyara da basussuka, su ne hujjarka ta neman ragi. Kafin nan ka ji nawa aka sayar da gidaje biyu ko uku a layin kwanan nan, abin da aka biya, ba abin da aka fara faɗa ba. Idan aka ce albarka, kada ka ji kunyar tashi ka dawo. Idan aka sallama kuma aka nemi kafin alƙalami, ka ba da kaɗan, kada ya wuce kashi 10 cikin 100, da takarda mai cewa za a dawo maka da shi cikakke idan matsala ta fito daga ɓangaren takardu ko magada, da ranar da za a cika.

Biya ta banki ake yi, zuwa asusun mai gidan da sunansa, ba na dillali ba, ba na ɗansa ba. A wurin bayani a rubuta cewa kuɗin gida ne mai lamba kaza a unguwa kaza. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba. A gidan gado, a biya ta kotu ko asusun da duk magada suka amince da shi a rubuce.

Alƙur'ani a aya ta 282 cikin Suratul Baƙara ya yi umarni da kafa shaidu idan an yi ciniki. A zaman a samu shaidu aƙalla biyu daga kowane ɓangare, mutanen da za a iya nemowa bayan shekara goma, da mai unguwa. Lauya ya rubuta takardar miƙa mallaka mai ɗauke da cikakken sunan kowa, da hoto, da lambar katin ɗan ƙasa, da iyakokin gidan gabas da yamma, kudu da arewa, da adadin kuɗin gaskiya, da yadda mai sayarwa ya mallaki gidan, da alkawarin zai dawo da kuɗi idan wani mai haƙƙi ya bayyana. A lissafa abin da ke cikin ciniki: shagunan waje, injin burtsatse, tankin ruwa, mita, ƙyamaren ƙofa. A karanta da Hausa kowa ya ji kafin a sa hannu. Kada ka yarda a ba ka takardar wakilci kawai a madadin ta miƙa mallaka, wakilci ba ya mayar da gida naka. A zaman nan mai sayarwa zai sa hannu a takardar neman amincewar gwamna, ya miƙa maka duk takardun asali da makullai, kai kuma ka tura cikon kuɗi. Hannu da hannu.

Idan akwai 'yan haya, a san matsayinsu kafin biya. Nawa suka biya, zuwa yaushe? Mai hayar shekara bisa ƙa'idar da aka saba wata shida ake ba shi na sanarwa idan babu wata yarjejeniya, kuma ba a fitar da shi da ƙarfi sai ta kotu. Idan kai za ka shiga, ka riƙe wani kaso na kuɗin har a ba ka gida babu kowa. Wannan ya haɗa da dangin mai gidan, kamar gwaggo ko tsohuwar da ke ɗaki ɗaya shekara talatin. A tanadar mata wurin komawa tun kafin ka biya, kada ya zama kai ne za ka tashe ta.

Bayan an sa hannu

A makon farko lauya ya kai takardar a buga mata hatimin haraji, ya shigar da neman amincewar gwamna, a yi rajista da sunanka. Ka riƙa karɓar rasit na gwamnati a kan kowane biya, ka bi fayil ɗin da kanka lokaci-lokaci. Idan gidan ba shi da C of O, ka fara nemansa yanzu da takardar ciniki da taswirar safiyo, tun shaidu na raye kuma mai sayarwa na kusa.

Ka canza makullai ranar da aka ba ka gida, ka sa wani ya kwana a ciki ko a fara aiki, domin gidan da aka bari a rufe shi ake sake sayar wa wani. Ka mayar da mitar wuta da ta ruwa sunanka. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka adana a waya da imel, ka ajiye na asali inda wuta da ruwa da gara ba za su kai ba, ka kuma sanar da iyalinka inda suke. Gyara kuwa a fara da rufi da magudanar ruwa da masai kafin tayil da fenti, kuma duk abin da zai taɓa katangar tsakani ko ya fitar da ƙofar shago bakin titi, a sanar da maƙwabci a nemi izinin KNUPDA kafin a sauke bulo.